Kumfar Rabi

Akwai wata magana da ake yi a garin nan da nake so ku daina, ku 'ya'yana da 'ya'yanku, kuma ba zan ce ku daina ba sai na gaya muku dalili. Idan ɗan siyasa ya yi alkawarin taki bai kawo ba, sai a ce kumfar Rabi ce. Idan hadari ya haɗo ya yi ta rugugi ya baje, kumfar Rabi. Da Babbar Sallar da ta wuce, a tsakar gidan nan ana gyaran nama, na ji Kabiru ya faɗe ta a kan wani sabon irin tumatir da aka cika mana kunne da shi, alhali yayarsa Rabi tana zaune a kan tabarma tana ji. Kowa ya yi dariya, ita ma ta yi. Dariyar nan tata ita ta hana ni cin naman layyata, ita ce kuma ta sa na nemi biro da takarda da tsufana. Ban ga laifin Kabiru ba, yana firamare aka yi abin, ya tashi ne ya tarar ana faɗa. Ni na san asalin maganar, domin da wannan hannun hagun da nake rubutu da shi na ƙulla ta.

Rabi ita ce 'yar farina. Kun san yadda mutanen zamaninmu suke da ɗan fari: ba ka kiran sunansa, ba ka yabonsa a gaban mutane, in ya yi abin kirki sai ka kau da kai kamar ba ka gani ba. Tun da aka raɗa mata suna ban taɓa furta shi a gabanta ba. “Ke” nake ce mata, in ina maganarta kuma in ce “yarinyar nan”. Na faɗi wannan ne don kada wani daga cikinku ya nemo mini uzuri da shi, ya ce ai kunyar ɗan fari ce ta rufe wa Baba baki. Ni ma na fake da ita shekara da shekaru, kuma ba ita ba ce.

Sai kun san ko ni wane ne a bakin kanal a wancan lokaci za ku gane sauran. Ina saurayi ruwan kanal ya iso yankin nan, aka raba mana lanƙwasassun bututun nan na saifon da ake ɗora wa a kan gaɓar kanal su tsotso ruwa zuwa cikin fangali, wato kwamin shuka a gona. Wanda bai iya ba sai ya wuni yana tsomawa yana cirewa, ruwa ya ƙi zuwa. Sirrin abin guda ne: ka cika bututun taf, ka toshe baki ɗaya da tafin hannu, ka wurga shi ƙetaren gaɓa kafin iska ta sami hanya. Da zarar ta shiga, ruwa ya tsaya. Da injinan ban ruwa suka zo, darasin bai sake ba, injin da ya sha iska sai ya yi ta ihu yana ƙona fetur, bakin tiyo a bushe. Ni kuwa Allah ya ba ni kunne. Ina bin tiyo a sunkuye sai in ji ɗan tsit-tsit ɗin nan da ba kowa ke ji ba, in sa yatsa in ce nan ne. Sai in zaro robar tsohuwar tayar babur da na yayyanka sala-sala, in naɗe wurin. Da yake ni bahago ne, naɗina baibai yake tafiya, kuma in na gama ina cusa bakin robar sau biyu in bar ɗan harshe a waje. Daga Kura zuwa Bunkure har Madobi, duk manomin da ya ga wannan ya san ɗaurin Bahago ne. Ina da wata kalma da nake faɗa duk in na gama aiki ina karkaɗe hannu, har yara suka haddace ta: iska da ruwa ba sa kwana bututu ɗaya. Shekara talatin ina cin tuwo da miya da wannan kalma, kuma ba ƙaramin ji da kai nake yi da ita ba.

Yarinyar nan a bayana ta girma. Ita ke riƙe mini jakar roba, tun hannunta bai iya zagaye tiyo ba ta iya ɗaurina, baibai ɗin da harshen da komai, ko da yake ita ba bahaguwa ba ce. Mahaifiyarku, Hajara, Allah ya jiƙanta, takan ce na mayar mata da 'ya namiji. Da ta gama sakandare ta ce aikin injiniya za ta karanta, ban hana ba. A majalisa ina yin kamar abin bai dame ni ba, a zuci kuwa ji nake kamar an naɗa ni sarauta.

A shekararta ta ƙarshe a jami'a ta dawo gida da rani, ta ce an ba kowa ya yi wani aiki na kansa wanda sai malamai sun gamsu da shi za a yaye shi, ita kuma a gonarmu ta tudu take so ta yi nata. Gonar nan kun san ta, ita ce mafi nisa da kanal. Doguwar mesa muke ja mata, injin ya yi ta nishi, in ruwan ya iso sai ka ce buta ake tsiyayarwa. Muna zaune a zaure bayan la'asar ta yi mini bayani, kanta a ƙasa, tana zane da tsinke a kan daɓe.

“Baba, ruwan da injin ya turo da ƙarfinsa yake fitowa. A hanya yake gajiya, don yana ta gogar jikin bututun tun daga kanal har tudu. To akwai masu binciken da suka gano cewa in aka sa masa 'yan ƙananan kumfa, ƙanana ƙwarai kamar ƙwayar gero ko ƙasa da haka, gogar nan tana raguwa, sai ya riƙa sulɓewa.”

Na ce, “Kumfar mene?”

“Ta iska, Baba.”

Na yi dariya har da tari. Na ce mata ashe kuɗin makarantar da muke biya na koyon ɓarna ne, abin da ubanta ya ƙare rayuwarsa yana kora shi za ta gayyato da hannunta. Ba ta yi fushi ba. Ta ce gaskiyata ce a wurare biyu: iskar da ta shiga ta bakin da injin ke tsotso ruwa tana kashe aiki, haka wadda ta taru ta yi ƙullutu a tsakiyar bututu ta tare hanya. Tata dabam ce, bayan injin za a sa ta, a farfasa ta ƙanana, ruwan ya tafi da ita. Ta ce ba mu'ujiza ba ce, ƙarin kaɗan ne, wataƙila ma a doguwar mesa irin tamu ba zai yi ba, shi ya sa take son gwadawa. Na ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba. Daga cikin gida sai ga muryar Hajara:

“Malam, rimin ma ai sai an hau ake sanin abin da ake gani. Ka bar ta ta hau.”

Hajara ba ta tsaya a baki ba. Tana da wani firji da take sayar da ƙanƙara da zoɓo, ƙofarsa ta lalace amma injinsa lafiya lau, tana ta shirin kai shi gyara. Ta ce a ciro injin a ba yarinya, shi zai riƙa hura iskar. Wanda ya yi aikin haɗawa shi ne Bitrus mai faci na bakin titi, mutumin Filato ne da ya daɗe a cikinmu har Hausarsa ta fi ta wasunmu. Shi ya ƙera mata wani guntun bututun ƙarfe mai ƙananan huji kamar na allura a ciki, ya ara mata ɗan janaretansa, kuma shi ya fara kiranta Injiniya tun ba a ba ta takarda ba. Daga injin firjin wani siririn tiyo kamar na ƙarin ruwa a asibiti ya tafi zuwa guntun ƙarfen. A gaba kaɗan ta sa wani yanki na bututu mai haske da ake ganin ruwan ciki. Siririn tiyon nan sai ya ƙetare hanyar da amalanke ke bi, don haka ta tona ƙasa ta binne shi a wurin. Ni na ara mata fartanyar.

Ranar wata Talata da hantsi ta ce in zo in riƙe mata injin, za ta gwada. Mu biyu ne kawai a gonar. Ta ajiye duro a ƙarshen mesa, tana da agogo a wayarta, ni kuma ina da nawa agogon da na fi yarda da shi. Tun da can da carbi nake auna ƙarfin injin, ina jan tasbihi da ɗai-ɗai ba gaggawa ina kallon duro, ga lada ga aiki. Aka tayar da injin babu kumfa, duro ya cika daidai lokacin da na kai ƙarshen carbi. Muka zubar. Ta kunna injin firjin, sai na ga ruwan da ke cikin bututu mai haske ya yi fari kamar an dama masa nono. A idona wannan cuta ce. Na ja carbi ina jiran injin ya shaƙe. Bai shaƙe ba. Duro ya tumbatsa, na duba hannuna, saura ƙwaya tara. Na ce ni na yi nawar ja, a sake. Aka sake, tara. Na ce duron ne bai zube duka ba, na kife shi da kaina. Na uku ma tara, ko takwas da rabi in za a yi mini adalci. Tana ta rubutu a wani littafi mai baƙin bango. Ta ɗago ta dube ni, irin kallon da take yi mini tana ƙarama in ta gama ɗauri tana jiran in duba.

“Baba, ka gani?”

Na mayar da carbi aljihu na ce, “Fetur yana ƙonewa, kashe injin.”

Ranar Asabar malaminta zai zo daga Kano ya gani da idonsa, don abin da ɗalibi ya rubuta shi kaɗai a gona ba ya zama hujja. Kuma Asabar ɗin ita ce rana ta ƙarshe, washegari za a rufe kanal don yashe, ba sauran ruwa sai wani ranin. Labari kuwa ya riga ya zaga gari. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na zauna a majalisarmu ta gindin darbejiya, sai Alhaji Tanimu ya ɗauko zancen. Tanimu abokina ne tun muna kiwon awaki, kuma ba shi da abinci sai tsokana.

“Jama'a, gobe akwai kallo a gonar tudu. Bahago ya shiga tsaka mai wuya. In yarinya ta faɗi, 'yarsa ce. In ta ci, to shekara talatin ke nan yana karɓar goronmu a kan ƙarya.”

Aka bushe da dariya. Wani ya ce daga gobe in injin ya ɓaci Injiniya za a kira, uban ya riƙe mata jakar roba. Ni ma na yi dariya, na ce gobe ba ta da nisa. Wasa ne irin na kullum, da na kwana na tashi da na manta. Amma ni kaɗai a wurin na san abin da carbina ya nuna mini, kuma maganar riƙe jakar nan ta ƙi fita daga raina. Ina so ku lura da wannan sosai. Da tsoron faɗuwarta nake yi, da ina da abin faɗa wa Ubangiji. Tsoron cin nasararta nake yi.

Asabar da hantsi ta gama shirya komai, ta ce za ta je bakin titi ta taro malamin don bai san hanya ba, in tsare mata kayan. Mutane ba su fara zuwa ba. Na zagaya, na zagaya, na tsinci kaina a tsugune a hanyar amalanke ina tone ƙasa da yatsu. Na ciro siririn tiyon, na lanƙwashe shi biyu, na zaro roba daga aljihu na naɗe. Hannuna ne ya yi aikinsa yadda ya saba, baibai, ya cusa sau biyu ya bar harshe, ko tunanin in sake salo ban yi ba. Na mayar da ƙasa na take da ƙafa. Abin da nake gaya wa kaina a lokacin shi ne ba wata ɓarna ba ce, kumfa ba za ta fito ba, duro zai cika yadda ya saba, a ce ba ci ba faɗuwa, kowa ya watse da mutuncinsa. Na san tiyo, na san injin ruwa, amma ban san halin injin firji ba, ban san abin da zai same shi in aka toshe masa numfashi ba.

Kafin malamin ya iso gaɓar gona ta cika. Tanimu da mutanensa, Bitrus da ya rufe rumfarsa, masu tsinkar tumatir daga maƙwabta, har Hajara ta yafa mayafi ta tsaya daga nesa da wasu mata. Malamin wani dogo ne mai tabarau, Dakta ake ce masa, ya cire takalmi ya gaishe ni a ladabce har na ji nauyinsa. Aka yi awon farko ba kumfa, ya rubuta. Aka zubar da duro. Bitrus ya ja janareta, ita kuma ta kunna injin firjin ta je ta tsaya a kan bututu mai haske, kowa ya leƙa. Ruwa garau yake wucewa. Ta koma ta duba wayoyi, ta dawo, garau. Injin firjin ya fara wani gurnani da ban taɓa ji ba, sai wari kamar ana ƙona gashi, sai hayaƙi. Bitrus ya yi tsalle ya kashe janareta, ya taɓa injin ya janye hannu da sauri, ya girgiza kai.

“Injiniya, ya tafi. Ya ƙone.”

Wani daga baya ya ce, “To ina kumfar?” Dariya ta ɓarke. A nan aka haifi maganar da kuke faɗa.

Ita ba ta kula su ba. Ta kama siririn tiyon daga jikin injin ta bi shi a sunkuye, tana shafa shi da yatsu, daidai yadda na koya mata. Ta isa hanyar amalanke ta tsuguna, ta juya wa jama'a baya, ta tona. Ina kallon kafaɗunta lokacin da suka tsaya cak. Ba ta daɗe ba, amma ni a wurina na yi zaton la'asar za ta yi. Na ga gwiwar hannunta tana motsi, tana warwarewa, ta hagu, don ta san ta inda ake warware shi. Ta sa wani abu a cikin hijabinta, ta miƙe ta karkaɗe hannu ta zo gaban malamin.

“Dakta, kuskurena ne. Tiyon ya lanƙwashe a ƙarƙashin ƙasa, ban duba ba kafin in kunna.”

Bai ji daɗi ba, amma mutumin kirki ne, ya nemi ya ba ta mafita. Ya buɗe littafinta ya ga awon ranar Talata, ya ce lissafin yana da kyau, in da akwai wanda ya shaida da sai ya kai maganar gaba a duba, ko a ba ta dama ta ƙarasa a ɗakin gwaji. Ya tambaye ta ko akwai wani a wurin ranar. Ta sunkuyar da kai. Bitrus ne ya ce ai Baba Bahago ne ya riƙe mata injin. Dakta ya juyo gare ni.

“Baba, kai ne masanin wannan aikin. Ka ga wani bambanci ranar Talata?”

Ga Tanimu yana murmushi, ga jama'a sun zuba mini ido, ga carbina a aljihu ina jin ƙwayoyinsa a cinyata. Allah ya buɗe mini ƙofa ta biyu a rana ɗaya. Kalma ɗaya ce, tara. Sai na ji bakina ya ce:

“Ni dai, Dakta, a sanina, iska da ruwa ba sa kwana bututu ɗaya.”

Aka yi mini shewa kamar na kayar da wani a dambe. Tanimu ya dafa kafaɗata. Ban taɓa jin hannu mai nauyin wannan ba.

Da yamma tuwo ya gagare ni. Hajara ta zo ɗaukar kwano ta gan shi yadda ta ajiye. Ba ta san zancen ɗaurin ba, amsata kawai ta ji, amma ita ma ta ishe ta.

“Malam, ko ƙarya ce ai uba ya tsaya wa 'yarsa a gaban baƙo. Balle ni na ga fuskarta da ta dawo ranar Talata.”

Na daka mata tsawa na ce mata ba su san aikin maza ba. Ta ɗauki kwanonta ta fita. Firjinta bai sake yin ƙanƙara ba, ya zama ma'ajiyar tukwane, kuma har ta koma ga Mahaliccinta ban gaya mata wanda ya ƙona mata shi ba. Wannan gafarar ba ni da inda zan neme ta yanzu sai lahira.

Washegari aka rufe kanal. Yarinyar nan ta zo ta durƙusa ta gaishe ni da safe kamar kullum, ta ce za ta koma makaranta, na ce Allah ya kiyaye hanya. 'Yan ajinsu suka fita a shekarar, ita ta maimaita, ta yi wani aikin dabam a kan takarda wanda ba ya buƙatar gona ko uba. Ta sami aiki a wani kamfanin shimfiɗa bututun ruwa, ta yi aure, ta zauna a Kumbotso. Ba ta taɓa rage mini komai na biyayya ba, kun shaida, ita ta kai ni aka wanke mini ido, ita ke aiko da magani. Abu ɗaya ne ya yanke. Ba ta sake taka gonar tudu ba, kuma ba ta sake ce mini “Baba, zo ka gani” a kan komai ba. Ni kuwa aka ci gaba da kirana gyaran injin, ina faɗin kalmata ina karkaɗe hannu, tana yi mini ɗaci a baki. Sunan da na kare ma bai yi tsawon rai ba, 'yan shekaru kaɗan samari masu kayan aiki na zamani suka ƙwace kasuwar, yanzu ba mai neman Bahago sai in tsohon tiyo ya yage. Da na sani ƙeya ce.

Bayan Sallar nan da kwana uku na hau mota na tafi Kumbotso ba tare da na gaya wa kowa ba. Na same ta da rana, mijinta yana wurin aiki, yara suna Islamiyya. Ta shimfiɗa mini darduma ta kawo ruwa, tana ta tambayar ko lafiya. Na shirya doguwar magana a mota, da na buɗe baki sai maganar ta gudu ta bar ni. Abin da ya fito kawai shi ne:

“Tiyon nan, ba lanƙwashewa ya yi ba.”

Ta tashi ta shiga ɗaki. Na ce shi ke nan, yau zan ji abin da ya dace in ji tun shekarun baya. Sai ga ta da littafin nan mai baƙin bango. An ɗaure shi da robar nan da ta ɓoye a hijabi ranar Asabar, ta bushe ta tsattsage, tana taɓa ta ta karye gida uku a kan dardumar.

“Baba, ɗaurinka ne fa. Ko a cikin duhu na shafa shi na san shi.”

Na tambaye ta me ya sa ba ta faɗa ba, me ya sa ta ɗora wa kanta. Ta ce, “A gaban Alhaji Tanimu? Kai ne ubana.” Ta faɗe shi ne ba ɗaci, kamar mai gaya mini yau Laraba. Na fi son a ce zagina ta yi. Na yi kuka a gaban 'yar farina, ni da ko a jana'izar mahaifiyarta sai da na shiga ɗaki na rufe ƙofa. Ta bar ni na gama, sannan ta buɗe littafin a shafin Talata.

“Ɗaurin ban riƙe ka da shi ba, na daɗe da yafewa. Abin da ya dame ni dabam ne. Da ka ba Dakta amsar nan, sai na fara shakkar kaina. Na ce ko wayata ce ta yi ƙarya, ko son abin ne ya rufe mini ido, tunda wanda ya fi kowa sanin ruwa yana tsaye bai ga komai ba. Har yau in na auna abu a wurin aiki sai na kira wani ya sake aunawa. Baba, na ga kana jan carbi ranar. Nawa ya rage?”

“Tara.”

“Duka ukun?”

“Duka ukun, Rabi. Na gani da idona.”

Ta ɗago da sauri, ban sani ba ko taran ce ko sunan. Ta rufe fuska da hijabi, kafaɗunta suna rawa. A ƙasan shafin akwai wurin da ta ja layi da biro tun a wancan lokaci ta rubuta “Shaida”, ta bar shi fili. Na ce ta ba ni biro. Ta ce ai Dakta ya daɗe da yin ritaya, ba wanda zai duba. Na ce ni ma ba don Dakta ba ne. Na rubuta sunana da hannun da ya yi ɗaurin.

Ban san ko dabarar Rabi za ta yi aiki a kowace gona ba, ita ma ta ce sai an yi gwaji da yawa kafin a sani, kuma ni na hana a yi na biyu. Abin da na sani shi na rubuta muku. Ran Juma'ar da ta wuce na faɗe shi a gindin darbejiya, Tanimu yana zaune, ba wanda ya yi dariya. Kabiru, kai za ka karanta wa ƙannenka wannan, da ƙarfi, a tsakar gida, yayarku tana nan. In kuna neman abin da za ku kira alkawarin da bai cika ba, ku nemi wani suna, ko ku sa nawa, ya fi dacewa. Kumfar Rabi ta isa tudu, duro ya cika saura ƙwaya tara a hannuna, kuma ni ne shaida.